Zan je wankan jego wani ƙauyen Ingila a watan Afrilu, ina neman shawara kan yanayi da shuka

Kakar Gobe, Tudun Wada, Gombe

Assalamu alaikum wa rahmatullah. 'Yata ta fari tana aure a Ingila shekara uku ke nan. Mijinta ma'aikacin jinya ne, kuma ba a birni suke zaune ba, suna wani ƙaramin ƙauye ne a gundumar Linkonshaya da ke gabashin ƙasar. Tana ɗauke da cikin fari, an ce haihuwar za ta zo a makon farko na Afrilu in Allah ya yarda, kuma sun nema mini izinin shiga ƙasar domin in yi mata wankan jego, in zauna da su har ƙarshen Yuni. Iyakar nisan da na taɓa yi a duniya shi ne aikin Hajji, saboda haka nake roƙon waɗanda suka san ƙasar su haska mini hanya.

Abu na farko da ya ɗaure mini kai shi ne yanayi. Kullum muka yi waya sai ta ce mini in kwantar da hankalina, lokacin da zan iso bazara ta shiga, amma ina kallonta a waya cikin rigar sanyi har da safa. Bazarar da na sani a Gombe ita ce lokacin da ƙasa take ƙona tafin ƙafa, rijiyoyi su ja baya, mangwaro ya cika kasuwa, mu fito da tabarmi tsakar gida mu kwana. Wace irin bazara ce kuma ake sa mata rigar sanyi?

Na biyu shi ne wanda ya fi tsaya mini a rai. Ni mace ce da ba ta iya zama hannu sake. A gidana ina da 'yar garka wadda ba ta rabuwa da rama da yakuwa da kuɓewa da alayyafo, ga zogale guda biyu a jikin katanga, kuma irin da nake shukawa tun daga hannun mahaifiyata yake, ina adana shi a kwalabe da toka. 'Yata ta nuna mini wani fili a bayan ginin da suke haya, babu komai a cikinsa sai ciyawa, wadda mijinta yake askewa da inji ya zubar. Wallahi da na gani sai da zuciyata ta sosu, ƙasa baƙa mai kyau tana zaune haka, alhali ita mai gidan tana sayen ganyen miya da tsada daga wani gari mai nisa. Shin idan na ƙulle irina na tafi da shi zai yi a can? Kuma a wata ukun da zan yi, akwai abin da zan shuka in ci kafin in dawo?

Na uku, tana yawan ce mini mutanen ƙauyen suna da kirki, suna gaisawa, amma babu mai shiga gidan wani. Ina tunanin yadda mai jego za ta kasance babu 'yan barka, da yadda ni kaina zan yi da wunin da babu maƙwabciyar da za ta leƙo. Wanda ya taɓa zama a irin wannan wuri ya gaya mini yadda rayuwar gida take tafiya.

Tsohon Malamin Gona, Yelwa, Bauchi

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya sauke ta lafiya, ya sa ki je ki dawo cikin aminci. Na yi wata tara a ƙasar ina wani kwas na aikin gona tun ina da ƙuruciya, kuma tambayarki ta farko ita ce mabuɗin ta biyu.

Kalmar bazara aro aka yi aka ɗora wa lokacinsu, domin watanninsa, wato Maris da Afrilu da Mayu, sun yi daidai da na bazararmu. A watanni kawai suka haɗu. Idan kina son abin da ya yi kama da shi a wurinmu, ki tuna makonnin farko na damina, lokacin da ƙasar da ta bushe take yin kore cikin kwana goma. Bambancin shi ne mu ruwa muke jira, su kuwa ɗumi da hasken rana suke jira. Ruwa ba ya yanke musu a kowane wata, ko da yake abin da gabashin Ingila take samu a shekara, kimanin milimita 600, bai kai namu na Bauchi ba, wanda yake kai wa 1,000. Namu yana zuba ne cikin wata biyar rana ta shanye rabinsa, nasu kuwa yayyafi ne da ƙasa take riƙewa. A yankin da 'yarki take, wunin ƙarshen Disamba bai cika awa takwas ba, na ƙarshen Yuni kuwa yana kusan awa goma sha bakwai. A Afrilu zafin rana tsaka yana tsayawa wajen digiri 13, da dare ya sauka zuwa 4 ko ƙasa da haka, a daidai lokacin da Gombe take fama da 40. Ki ɗauka cewa asubahin hunturu mafi tsanani da kika sani shi ne hantsinsu.

Babban abokin gabar mai shuka a can shi ne raɓa mai daskarewa. Dare guda ya isa ta ƙone tumatir ko kabewa su yi baƙi kamar an watsa musu tafasasshen ruwa, kuma tana iya sauka har tsakiyar Mayu, wani lokaci har ƙarshensa. Shi ya sa duk abin da yake son zafi ake renonsa a ƙananan tukwane a bakin taga cikin ɗaki, ko a ɗakin gilashi, ba a dasa shi a fili sai Mayu ta ƙare.

Kayan garkarki kuwa, alayyafo shi ne wanda zai fi faranta miki rai, domin yana yi sosai a lokacin zafinsu, kuma mutanen Jamaika da suka daɗe a ƙasar suna noma shi suna kiransa kalalu. Ki rene shi a taga a ƙarshen Afrilu, ki dasa a farkon Yuni, mai yiwuwa ki tsinki ganyen farko kafin ki taho. Kabewa ma tana yi ta wannan hanya, sai dai 'yarki ce za ta ci a Satumba ko Oktoba. Kuɓewa ba ta jure sanyin darensu, idan babu ɗakin gilashi wahala ce kawai. Yakuwa tana da wata ɗabi'a da mutane ba su cika lura da ita ba saboda a nan ba ta taɓa ba mu matsala: ba ta yin fure sai wuni ya fara gajarta, shi ya sa muke ganin zoɓorodo a kaka. A can kafin wuni ya gajarta yadda take so sanyi ya riga ya dawo, saboda haka za a iya samun ɗan ganye a tukunya a wuri mai rana, amma kada a sa rai da zoɓo. Rama ma ganye kaɗan za ta bayar. Zogale kuwa sanyin farko zai kashe shi a waje. Attarugu a Fabrairu ake fara renonsa a ɗaki, idan kin isa a Afrilu gara a sayi dashe.

Shawarata ita ce kada ki kafe a kan abin da kika saba. Abin da ƙasar take so a Afrilu shi ne dankalin Turawa, da albasa wadda suke sayarwa ƙanana a dasa, da karas, da latas, da koren waken Turawa. Akwai dankali mai saurin yi wanda ake haƙa bayan mako goma zuwa goma sha biyu. Idan ya shiga ƙasa a makon da kika sauka, za ki ci shi kafin jirginki. Yankin ma gidan noma ne, musamman kudancinsa, inda fadama ce da aka janye wa ruwa ta zama gonakin kabeji da dankali da furanni. Sai dai tunda haya suke, surukinki ya nemi izinin mai gidan kafin a sa fartanya a ciyawar nan, domin a wurinsu ita ma shuka ce da ake ji da ita. Idan ya ƙi, manyan tukwane da buhunan ƙasa da ake sayarwa sun wadatar.

Ɗan Fadama, Wunti, Bauchi

Mama, ina ƙara wa bayanin Malam abu guda da ya tsallake, domin na raka mahaifiyata irin wannan tafiya. Don Allah kada ku sa irin nan a jaka. Dokarsu ba ta yarda a shiga da shuka ko irin shukawa daga ƙasa irin tamu ba sai da takardar shaidar lafiyar tsirrai, wadda hukumar killace kayan gona ta Najeriya take bayarwa, kuma abin da ba shi da takarda ƙwacewa ake yi a lalata. Asara ce irin da kuka gada ya ƙare a kwandon filin jirgi, alhali ana sayar da irin alayyafo da kuɓewa da kabewa a can, 'yarku za ta iya yin oda ta intanet. Haka kuma nama da duk abin da aka yi da madara haramun ne a shiga da su, wato kilishi da dambun nama da man shanu duk su zauna a gida. Busasshen kifi an yarda da shi har kilo 20. Surukinku ya karanta muku ƙa'idar a shafin gwamnatinsu kafin ku ɗaure kaya, kuma duk abin da kuke shakka ku bayyana shi ga jami'an kwastan da kanku.

Goggon Yara, Jekadafari, Gombe

Hajiya, sannu da shiri. Ni na yi irin tafiyar da za ki yi, wajen 'yar ƙanwata da na riƙa, a wani ƙauye a gundumar Yokshaya da ke arewacin Ingila, daga tsakiyar Maris zuwa Yuni. Tambayarki ta uku ce ta sa na ɗauki waya, domin ni ma ita ce ta hana ni barci kafin in tafi, kuma amsarta tana cikin ta biyu.

Ranar da na sauka na ga itatuwa tsirara babu ganye ko ɗaya, sama ta yi toka-toka, na ce a raina wannan ƙasa ta mutu. Abin da kawai yake da rai shi ne wani fure rawaya da suke kira dafodil, wanda ya yi layi a bakin hanya da gaban coci da ƙofar kowane gida. Ban yi mako uku ba sai shingayen gonaki suka yi fari fat da fure, itatuwan da na yi wa ta'aziyya suka fara tsattsafo da ganye, filayen kiwo suka cika da 'yan raguna sababbin haihuwa suna tsalle. Zuwa ƙarshen Afrilu gonakin wata shuka da ake tatsar mai daga irinta sun zama rawaya iyakar ganinki, kuma a cikin kurmin da ke bayan ƙauyen wani fure shuɗi ya rufe ƙasa kamar an shimfiɗa shadda. An gargaɗe ni cewa doka ta hana tono shi. Na tsaya a wurin na yi ta tasbihi, domin ban taɓa ganin ƙasa ta sake kama da sauri haka ba sai a farkon daminarmu.

Ki shirya wa sauyin lokutan salla. A Lahadin ƙarshe ta Maris suna tura agogo gaba da awa ɗaya, daga nan lokacinsu ya yi daidai da na Najeriya har ƙarshen Oktoba, wanda yake sauƙaƙa waya da gida. Amma rana ba ta tsayawa wuri guda. A farkon Afrilu ana magariba wajen takwas saura, zuwa ƙarshen Mayu sai bayan tara, kuma kafin biyar na asuba rana ta fito. Tsakanin isha'i da asuba ɗan taƙi ne, ga kukan jariri. Ki sa su karɓo miki jadawalin masallacin da ya fi kusa, ki kuma koyi ramuwar barci da hantsi.

Game da jego, ungozomar asibiti tana zuwa har gida a kwanakin farko ta duba uwa da ɗa, bayanta wata jami'ar lafiya ta karɓa, kuma dole a yi wa jariri rajistar haihuwa cikin kwana 42. Ban ɓoye wa ungozomar yadda muke wanka ba, ta saurare ni da ladabi, muka daidaita a kan ruwa mai ɗumi sosai amma ba mai ƙuna ba, kuma na rage kanwa a kunu. Babu murhu babu itace, daga famfo ruwan zafi yake fitowa. Ranar da na kunna garwashi na zuba turaren wuta a ɗakin mai jego, na'urar gano hayaƙi da ke jikin silin ta ɗauki ƙara har jaririn ya firgita, saboda haka ki nemi kaskon lantarki, ki buɗe taga, kuma kada a cire wa na'urar batir domin rai take tsarewa. Ragon suna ba a yanka shi a gida, yankan addini sai a mayankar da hukuma ta amince da ita. Mu mun yi oda wurin mahaucin halal a birni, aka kuma yanka wani a nan Gombe aka raba wa dangi. Taron kuwa ɗakin taro na ƙauyen aka kama na yini guda, 'yan uwa Hausawa da Yarabawa da Fakistanawa suka zo daga garuruwan kusa.

Kwana goman farko kaɗaici ya dame ni ƙwarai. Mijin yana aikin dare, babban yaronsu yana makaranta daga tara saura zuwa uku da 'yan mintoci, motar haya ba ta shigowa ƙauyen sai jefi-jefi, titi shiru kamar an yi shara. Abin da ya fitar da ni shi ne wata safiya da na fita shanya na ga ciyayi sun cinye wani ɗan kwali a jikin shinge, na tsuguna na fara cira da hannu. Sai na ji murya ta saman shingen. Maƙwabciyarmu ce, tsohuwa da ta haura saba'in, mijinta ya rasu, wadda tun zuwana iyakarmu ɗaga hannu. Turancina kaɗan ne, amma na gane tana nuna mini wanda ciyawa ne da wanda fure ne da bai kamata in cire ba. Washegari ta miƙo mini dashen tumatir guda huɗu da ta rena a tagarta. Daga nan na fahimci cewa mutanen nan ba ta ƙofar gida ake shiga wurinsu ba. Wanda ba zai taɓa tambayar ki lafiyar iyali ba zai tsaya rabin awa yana yi miki bayanin abin da yake cin kabejinsa.

Ita ce ta kai ni fegin da take haya a gefen ƙauyen. Majalisar ƙauye ce take yanka fili ta ba mazauna haya da kuɗi kaɗan a shekara, cikakken fegi kimanin murabba'in mita 250, kuma tun 1908 dokarsu ta ɗora wa majalisu samar da shi idan jama'a sun nema. A wurare da yawa sai an yi layi ana jira. A can na ga tsofaffi da ma'aikata da yara kowa da 'yar bukkarsa ta ajiye kayan aiki da ganga ta tarar ruwan sama da ramin taki, suna musayar dashe kamar yadda muke musayar iri. Ta ba ni wani tsiro mai jan kara da suke kira rubab, wanda yankin ya shahara da shi. Ganyensa guba ne ba a ci, amma karan yana da tsami irin na yakuwa. Su da sukari suke dafa shi. Ni na yanka kaɗan na jefa a miyar taushe, kuma wallahi ya tsaya a madadin yakuwa. Na kai mata da waina, ta cinye ta dawo da kwanon da ƙwai shida a ciki.

Abin da ya ci mini latas shi ne wani dodon-koɗi marar ƙwanso da yake fitowa da dare idan ƙasa ta jiƙe. Da tocila ake bin su ana tsincewa. Ki kuma lura da teburan da ake ajiyewa a ƙofar gida da ƙwai ko dashe ko zuma da gwangwanin saka kuɗi, babu mai tsaro. Wannan amana ta burge ni. Abin da bai kwanta mini ba shi ne yadda tsofaffinsu suke zaune su kaɗai. Maƙwabciyar nan 'ya'yanta biyu, amma a wata ukun da na yi sau ɗaya na ga sun zo, a hutun Ista. Ranar da zan taho ta riƙe hannuna ta yi hawaye, kuma har yau 'yar ƙanwata tana tura mata yaron da abinci ranar Juma'a.

Ki sa a saya miki takalmin roba da riga mai hana ruwa a can, ki riƙa sa kaya bisa kaya maimakon guda mai kauri. Hukumar lafiyarsu tana ba masu duhun fata shawarar shan bitamin D maikirogiram 10 kullum duk shekara, ki tambayi 'yarki ko tana sha.

Malamin Halittu, Dadin Kowa

Mama, Allah ya kai ku lafiya. Ni ban taɓa zuwa Ingila ba, darasin halittu nake koyarwa a sakandare kuma ina da sha'awar tsuntsaye, amma ina so ku san cewa ba ku kaɗai za ku yi wannan tafiya daga Afirka a Afrilu ba.

Kamar yadda manominmu yake ganin shamuwa ya san damina ta ƙarato, haka mutanen ƙauyukan Ingila suke jiran tsattsewa. Mai dogon wutsiya mai rassa biyu, wadda take gina sheƙar laka a rumfunan dabbobi, tana isa a Afrilu bayan ta taso tun daga kudancin Afirka ta ratsa Sahara. Baƙar, mai fikafikai kamar lauje, tana biyo baya a farkon Mayu, kuma masana a Suwidin sun tabbatar cewa tana iya yin wata goma a sama ba ta sauka ba. Akwai kuma kuku, wanda kukansa ne sunansa, mai zuba ƙwai a sheƙar wasu su rene masa. Tun 2011 wata ƙungiyar nazarin tsuntsaye ta Birtaniya take ɗaura wa wasunsu na'ura, aka gano cewa a dazuzzukan Kwango suke yin hunturu, kuma a hanyar komawa suna yada zango a Afirka ta Yamma su yi ƙiba kafin su tunkari hamada. Ɗan tsuntsun nan rawaya mai kaɗa jela da muke gani a ƙafafun shanu a bakin madatsar ruwanmu da rani, jinsinsa yana hayayyafa a gonakin Linkonshaya, ko da yake na Ingila sun fi sauka wajen Senegal da Gambiya.

Wannan alaƙa ba ta ado ba ce. A 1969 masu ƙirgar tsuntsaye a Birtaniya suka ga wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro, wanda ya saba cika shingayensu, ya ragu da fiye da rabi a shekara guda. Da aka bi sawu sai aka tarar farin da ya fara a Sahel ne ya kashe su, farin da ya ci dabbobin iyayenmu a shekarun da suka biyo. Duk lokacin da na ga motar gawayi ta fito daga dajinmu, ko na ji ruwa ya ja baya a dausayin Haɗeja da Nguru, ina tuna cewa abin yana taɓa har shingen ƙauyen da jikanku zai tashi.

Ina roƙon ku abu guda. Bayan sallar asuba a farkon Mayu ku buɗe taga ku saurara, domin a lokacin ne tsuntsayensu suke haɗa murya kafin fitowar rana fiye da kowane lokaci a shekara. Idan kun ga sheƙa a shinge kada a taɓa, dokarsu ta 1981 ta haramta lalata sheƙar da ake amfani da ita. Bushiya ma wajen Maris ko Afrilu take farkawa daga barcin da take yi tun Nuwamba. Idan ta shigo lambun ku bar ta, tana cin ƙwarin da suke ɓata shuka, a ajiye mata ruwa amma ba madara ba. Surukinku kuma yana iya hutar da injinsa, domin akwai kiran da ake yi kowace shekara cewa a bar ciyawa ba aski a watan Mayu saboda ƙudan zuma su sami fure.

Kakar Gobe, Tudun Wada, Gombe

Na gode muku ƙwarai, Allah ya saka da alheri, ya raya zuriya. Na karanta wa 'yata duk abin da kuka rubuta. Irina zai zauna a kwalabensa, kilishin da na yi oda kuma na ce a bar wa yaran gida. Mai gidan hayar ya yarda a tona tsiri guda a jikin shinge, surukina ya sayo irin dankali mai saurin yi, an jera shi a kwalin ƙwai a bakin taga yana tsiro kamar yadda wani abokin aikinsa ya nuna masa, an kuma yi odar irin alayyafo. Hajiya Goggon Yara, ashe su ma suna da tsoho a gidan da ke jikin nasu wanda kullum yana cikin lambunsa, kuma 'yata ta ce a shekara uku ba ta taɓa tambayar sa abin da yake shukawa ba. Na ce ta fara tun kafin in iso.

Malamin Gona, saura tambaya guda. Ruwan shuka zai sauka a Gombe ba na nan, kuma matar ɗana da zan bar wa garkar ba ta saba ba. Idan na dawo a ƙarshen Yuni, na makara ke nan?

Tsohon Malamin Gona, Yelwa, Bauchi

Ba ki makara ba, Hajiya. Yakuwa da rama da kuɓewa duk za su yi idan suka shiga ƙasa a makon farko na Yuli, lokacin ma ruwa ya zauna sosai. Abin da za ki bar wa surukarki shi ne ta zuba takin awaki a garkar kafin ruwan farko, ta riƙa cire ciyawa kada ta yi iri, ta kuma ba zogalen ruwa sau biyu a mako har damina ta kankama.